Wata Uku Suna Kwance? Abin da Ke Gudana a Kwaleji Bayan Ɗalibai Sun Watse

Duk shekara, da zarar damina ta zauna aka shiga dogon hutu, akwai maganar da ba ta ɓacewa a majalisu da tashoshin mota: wai babu wanda ya kai ma'aikacin makaranta morewa, yana kwance wata biyu ko uku, albashi yana sauka. A 'yan shekarun nan maganar ta samu ƙanwa. Hotuna ne ke yawo a waya daga wasu kwalejojin Amurka. Ga ma'aikata a gindin bishiya suna gasa nama, ga wasu sun shimfiɗa tabarmar roba a kan ciyawa suna miƙe gaɓoɓi, ga kuma sanarwa manne a ƙofar ofis cewa daga Yuni zuwa farkon Agusta ba a buɗewa ranar Juma'a. Sai ka ji mutane sun rabu biyu. Wasu su ce, "Ka gani ko? Ko a can ma zaman banza suke yi." Wasu kuma, galibi malamanmu da suka jigata, su ce, "Ga inda aka san darajar ma'aikaci."

Duka maganganun biyu suna damuna, amma ta biyun ta fi, domin tana sa mutumin da ke da haƙƙin kuka ya nemi abin da ba zai warkar da shi ba. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Makarantun da ke cikin waɗannan hotuna yawanci irin waɗanda Amurkawa ke kira kwalejin al'umma ne. Shekara biyu ake yi a cikinsu. Wanda ke neman 'yar'uwarsu a wajenmu sai ya ɗauko kwalejin kimiyya da fasaha, da makarantar share fagen shiga jami'a, da ajin yaƙi da jahilci, ya zuba su a haraba guda. Wadda ake ɗauka ta fi kowace tsufa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, da aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida. Kwamitin da Shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi shi ya yaɗa sunan a rahotonsa na 1947, kuma yau akwai kimanin dubu ɗaya a faɗin ƙasar, 116 daga ciki a Kalifoniya kaɗai. A irin wannan kwaleji ce, a arewacin jihar Virginia, Jill Biden ta ci gaba da koyar da Turanci har lokacin da mijinta ke Fadar White House. Ɗaliban irin wannan kwaleji ba 'ya'yan masu hannu da shuni ba ne. Direban babbar mota ne da ke son canza sana'a, da uwa mai goyo da ke neman takardar aikin jinya, da baƙon da ya zo ƙasar jiya yana koyon harshe. Mafi yawansu rabin lokaci suke karatu, domin suna aiki.

Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin da ya sa ba a iya rufe irin wannan makaranta wata uku.

Sai an ɗan gyara wani ruɗani tukuna. Abin da muke fassarawa da bazara idan ana maganar Amurka da Turai ba bazararmu ba ce ta Maris zuwa Mayu. Yuni ne da Yuli da Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Shi ya sa da yawanmu ke ɗauka an ƙirƙiri dogon hutu ne domin yara su je gona. A wajenmu ya yi daidai da noma, gaskiya ne, kuma malamai da yawa da hutun suke yin noman fari da maimai. Amma a Amurka ba haka tarihin yake ba. A ƙarni na 19 makarantun ƙauye a tsakiyar zafi da tsakiyar sanyi suke buɗewa, su rufe lokacin shuka da lokacin girbi. Na birane kuwa kusan shekara suke zagayowa. A birnin New York ana yin kusan kwana 250 a aji a shekarun 1840. Zafin birni a zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki, da tserewar masu hali zuwa wuraren shan iska, da ƙoƙarin hukumomi na daidaita kalanda su suka haifi hutun. Tun a wancan lokaci kuma a cikinsa ake tara malamai a ba su horo. Wato ko daga tushe ba a yi shi don kwanciya ba.

To me ake yi a kwalejin al'umma a waɗannan watanni? Karatu, da farko. Darasin da aka saba shimfiɗa shi a mako 15 ko 16 sai a matse shi a mako takwas, ko shida, wani lokaci biyar. Ba a rage ko babi ɗaya. Malamin da ke ganin aji sa'a uku a mako sai ya koma ganinsu sa'a takwas ko tara, jarrabawar da ake yi bayan wata sai ta zo bayan kwana goma, takardun da zai duba kuwa kafin ya gama na Litinin na Laraba sun iso. Daga 2017 Majalisar Dokokin Amurka ta maido da damar bai wa ɗalibi marar ƙarfi tallafin Pell a zango na uku, wato na bazara, bayan an soke hakan a 2011. Abin alheri ne ga ɗalibai, domin wanda bai yanke karatu ba ya fi saurin gamawa. Amma kowane ɗalibi da ya ƙaru, wani ne zai tantance takardunsa, wani ya koyar da shi, wani ya share ajin da ya zauna.

Sannan akwai baƙin da ba a gani sai a wannan lokaci. Kwalejoji da yawa suna buɗe sansanin yara 'yan firamare da sakandare, a koya musu iyo, da girki, da haɗa mutum-mutumi, da wasan kwaikwayo, domin iyayensu suna wurin aiki kuma ba kowa ke da kaka ko gwaggo a kusa ba. Akwai shirin Upward Bound, wanda gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsa tun tsakiyar shekarun 1960, da ke kawo 'yan sakandare daga gidajen talakawa su yi kimanin mako shida suna ɗanɗana karatun gaba. Akwai azuzuwan share fage ga sababbin ɗaliban da lissafinsu ko rubutunsu bai nuna ba. Akwai kuma wani aiki mai cin rai da ba ya cikin jadawali: bin sawun yaran da aka ba gurbi a watan Mayu amma aka neme su a Agusta aka rasa. Masu bincike biyu, Benjamin Castleman da Lindsay Page, sun nuna cewa daga kashi 10 har zuwa 40 cikin 100 na masu niyyar shiga, gwargwadon unguwa da halin gida, suna zubewa a wannan tsakani kamar ƙanƙara a rana. Wani fom ne ya gagare su, ko wani ɗan kuɗi da ba su san da shi ba, ko kuma babu wanda ya taɓa yin karatu mai zurfi a gidansu balle ya nuna musu hanya. Maganin abin shi ne wani ya ɗaga waya ya kira, ya sake kira, ya aika saƙo. Wannan wanin kuwa ma'aikacin ofis ne, wanda ake cewa yana hutu.

Bazarar 2024 ta nuna haka ƙarara. Fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, FAFSA, wanda aka saba sakinsa ranar 1 ga Oktoba, bai fito ba sai a ƙarshen Disamban 2023 saboda sabunta shi da aka yi, kuma bayanan ɗalibai ba su fara isa makarantu ba sai a watan Maris, wasu ma da kurakurai. Aikin wata shida ya taru ya faɗo kan ma'aikatan ofishin tallafi a cikin 'yan makonni. Laifin na sama ne, amma wanda ke zaune a bayan kanta shi ya sha fushin iyaye.

Kada kuma a manta da waɗanda ba su da teburi. Lokacin da azuzuwa suka ragu shi ne kaɗai damar kankare daɓe, da fenti, da gyaran rufi, da sauya wayoyin intanet, da kwance kwamfutoci ɗaruruwa a sake ɗora musu manhaja. Duk a cikin zafi mafi tsanani na shekara. A birnin Phoenix na jihar Arizona, inda gundumar Maricopa ke da kwalejojin al'umma goma, an yi kwana 31 a jere a tsakiyar 2023 zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma hukumomin gundumar sun ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da digiri 43 ke nufi ga wanda ke kan kwano da tsakar rana. Mai yankan ciyawar da ake shimfiɗa tabarma a kanta ba ya fitowa a hoton.

Sai batun albashin da ake cewa yana sauka. Malamin dindindin a yawancin waɗannan kwalejoji kwantiraginsa na wata tara ne ko goma. Idan ka ga kuɗi ya shigo masa a Yuli, galibi nasa ne na baya da aka raba masa gida goma sha biyu, kamar magidancin da ya auna hatsin rumbunsa don ya kai shi kaka. Shi ne ma mai sa'a. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu koyarwa a kwalejojin al'umma 'yan wucin gadi ne, ana biyansu a kan kowane darasi, kamar ɗan ƙwadago a gona. Har laƙabi gare su a can, mai nufin masu shawagi a manyan tituna, saboda yadda mutum zai koyar a wannan kwaleji da safe, ya tuƙa mota sa'a guda zuwa wata da rana, ya ƙarasa a ta uku da dare. Wani rahoto da ƙungiyar malamai ta AFT ta fitar a 2020, bayan jin ta bakin irin waɗannan malamai sama da 3,000, ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa samun dala 25,000 a shekara, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun dogara da tallafin gwamnati. Ga irin wannan malami, bazara fargaba ce. Azuzuwa kaɗan ne, 'yan dindindin ke fara zaɓa, kuma wanda aka ba shi ma ana iya sokewa ana saura kwana uku idan ɗalibai ba su cika ba, bayan ya gama shirya darasi a kyauta. Dokar Amurka kuma ta hana malamin makaranta kuɗin rashin aiki tsakanin zango da zango muddin yana da tabbacin za a sake kiransa. Sai da malaman wucin gadi na San Francisco suka je kotu, a shari'ar da aka sani da Cervisi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke a 1989 cewa alkawarin da ya rataya a kan yawan ɗalibai da samuwar kuɗi ba tabbaci ba ne. A jihohi da dama har yau ana kan wannan ja-in-ja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙara da cewa Amurka ba ta da wata dokar tarayya da ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikacinsa hutun shekara da albashi, ko na yini ɗaya.

Yanzu mu zo kan gashin nama da tabarmar roba, domin nan ne ainihin abin da nake so a fahimta.

Akwai gajiyar da barci ke magani, akwai wadda ba ya yi. Ta biyun ita ce masana halayyar ɗan'adam suka fara yi wa suna a shekarun 1970, Herbert Freudenberger a New York da Christina Maslach a Berkeley, bayan sun lura da ita a jikin masu aikin taimakon jama'a. Ni tsumammiyar gajiya nake kiranta, domin jiƙuwa take yi a hankali kamar tsimi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka, ta ce ba cuta ba ce, lamari ne da ke tasowa daga wurin aiki idan matsi ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara jin haushin waɗanda yake yi wa hidima, sannan ƙwazonsa ya ja baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akawun da ba ya ɗaga kai ya kalle shi, ko malamin da a da yake bin ɗalibi har gida amma yanzu sunayensu ma ba ya tambaya, ya ga wannan abu da idonsa. Mukan ce mugun hali ne. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa mutumin kirki ne da aka tatse.

A lura da inda hukumar ta ajiye tushen matsalar: a wurin aiki. Ba a jikin mutum ba.

Shirye-shiryen kula da walwalar ma'aikata kuwa, irin na hotunan nan, kusan duka jikin mutum suke nufa. A auna masa hawan jini, a ba shi manhajar koyon natsuwa, a shirya gasar ƙirga taku, a kira mai lacca ya koya masa haƙuri da damuwa. An gwada su gwaji na gaskiya, kuma a makaranta aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen. A Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign aka ɗauki ma'aikata kusan 5,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su shirin har da tukuicin kuɗi, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani a kuɗin asibiti, ko fashin aiki, ko ƙwazo. Abin da ya fito fili shi ne, waɗanda suka ruga suka shiga dama can sun fi lafiya. Mai ƙoshin lafiya ke zuwa filin motsa jiki, sai a nuna shi a ce filin ne ya gyara shi. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga darussan natsuwa da na jure matsi ba su fi takwarorinsu kwanciyar hankali ba. Abu ɗaya da ya nuna alamar amfani shi ne aikin sa-kai na taimakon wasu.

Ba wai motsa jiki ba shi da amfani ba. Yana da shi, kuma zama a ci abinci tare yana ƙara zumunci, wanda shi ma jigo ne. Matsalar ita ce a ba mutum wannan a madadin wancan. Jakin da aka lafta wa kayan jaki uku, ko ka shafa masa mai a baya, ko ka ba shi dusa da kanwa, gobe idan aka sake ɗora masa mangalar nan haka zai durƙusa. Randa mai tsaga ko ka cika ta da ruwan rijiyar da ta fi kowace daɗi, kafin la'asar ta koma rabi. Wanda takalmi ke matse wa ƙafa yana jin sauƙi duk dare idan ya cire, amma sauƙin daren bai ƙara wa takalmin faɗi ba. Kuma kowa ya san wayar da batirinta ya kumbura: ka bar ta a caji har asuba, ta nuna ta cika, kira biyu ta mutu.

Misalin takalmin nan shi ya fi kusa da abin da bincike ya gano game da hutu kansa. A 1997 Mina Westman da Dov Eden sun bi sawun wasu akawuna a Isra'ila kafin hutun mako biyu, da cikinsa, da bayansa. Gajiyar ta sauka sosai suna hutu. Kwana uku da komawa ta fara dawowa, bayan mako uku kuma ta koma inda take. A Jamus, Jana Kühnel da Sabine Sonnentag sun yi irin wannan da malaman makaranta, suka wallafa a 2011: amfanin hutun ya ɓace cikin wata guda, kuma ya fi saurin ɓacewa ga wanda ya dawo ya tarar da aiki ya yi tsiri a kan teburinsa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da shugabanni ba sa son ji. Idan akawu ta tafi hutun mako biyu babu wanda ya riƙe mata aiki, ba hutu aka ba ta ba, bashi aka ba ta, kuma da ruwa za ta biya. Manomi ya san bambancin. Gonar da aka bari saura, ba a zuwa kowace safiya a ɗan tsinki wani abu a cikinta, ba a kuma shuka mata irin shekara biyu a damina ta gaba don a rama.

Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun lissafa wurare shida da ɓarakar ke fitowa: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, ƙarancin sakamako, lalacewar zaman tare, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. A duba jerin da kyau. Babu ko ɗaya da ma'aikaci zai iya gyarawa shi kaɗai a kan tabarma. Kusan duka a hannun mai sa hannu a takarda suke.

Rufe ofis ranar Juma'a fa? Wannan ya fi gashin nama nauyi, amma shi ma a san asalinsa. A yawancin kwalejojin ba a rage sa'o'i ba; sa'a 40 ɗin nan ce ake matsewa a kwana huɗu, goma-goma. Kuma abin da ya fara kawo shi kuɗin wuta ne, domin sanyaya manyan gine-gine a watan Yuli ba ƙaramin ci yake yi ba. Kwalejin Brevard a jihar Fulorida ta gwada shi a bazarar 2007, ta ga ta rage kashe kuɗin lantarki, sai ta mayar da shi na duk shekara a 2008, ta kuma ba da rahoton raguwar fashin rashin lafiya da na masu ajiye aiki. Jihar Utah ta ɗora yawancin ma'aikatanta a kan irin wannan tsari a 2008, amma rarar da aka yi tsammani ba ta samu ba, jama'a kuma suka yi ƙorafin rufe ofisoshi, aka janye a 2011. Yinin sa'a goma yana yi wa wani daɗi, wani kuma ya zame masa azaba, musamman uwar da gidan renon yara ke rufewa kafin ta tashi. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2022 daban ne. Kamfanoni 61 da ma'aikata kimanin 2,900 suka rage sa'o'in aiki da gaske ba tare da taɓa albashi ba, na tsawon wata shida; kashi 71 cikin 100 suka ce gajiyarsu ta ragu, kamfanoni 56 kuma suka ci gaba. Bambancin a fili yake. A can an sauke wani abu daga mangala, an zubar da tarurrukan da ba su da amfani da rubuce-rubucen da babu mai karantawa. Ba gyara wa jaki zaman kaya kawai aka yi ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Jihar Kaduna ta fara aikin kwana huɗu daga Disamban 2021, aka ƙara tsawon yini, makarantun gwamnati suka bi daga Janairun 2022. Bayan cire tallafin fetur a 2023, Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku don sauƙaƙa kuɗin mota. An yi ta muhawara a kai, amma kusan duka a kan ko ma'aikata malalata ne ko a'a. Tambayar da ta kamata ita ce me aka cire daga aikin, kuma wa ya koma ya auna bayan shekara ya ga yadda malami da ɗalibi suka kasance.

Na yi shekaru ina aiki a wata kwaleji a nan gida, kuma abin da na fi tunawa da watan Agusta ba hutu ba ne. Ɗaliban zango suna fita ta wannan ƙofa, malaman firamare masu karatun hutu suna shigowa ta waccan da katifunsu a ka. Jami'in jarrabawar sashenmu yakan kai dare a ofis da fitilar waya, yana tattara sakamakon ɗalibai fiye da dubu, domin majalisar malamai za ta zauna kuma ba a jiran kowa. Kuɗin koyarwar hutun kan zo bayan wata da watanni. Tun bayan yajin aikin jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, makarantu da yawa suka dinga haɗa zango da zango don cike giɓi, dogon hutun ya koma mako biyu ko uku. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, ƙa'idar aikin gwamnati ta ba da fiye da haka, amma nawa ne cikinmu suka cike takardar hutu, aka sa hannu, sannan suka ci gaba da zuwa ofis saboda babu wanda zai zauna a kujerar? Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Mukan ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a ofis, mu yi masa addu'a, kuma ajali gaskiya ne. Amma ba na jin ya saɓa wa tawakkali a tambayi rabonsa da hutu, da yawan kwasa-kwasan da ke kansa, da ranar da aka auna jininsa na ƙarshe.

Abin da ya sa hotunan nan ke ba ni tsoro shi ne, na san ɓangaren da ya fi sauƙin kwaikwaya. Rumfa, da lemo, da riguna masu tambarin makaranta, da tattaki daga ƙofar kwaleji zuwa shataletale, da mai ɗaukar hoto, duk ana iya haɗa su cikin mako guda a rubuta a rahoton shekara cewa an kula da walwalar ma'aikata. Ɓangaren da ke aiki ba ya hoto. Ɗaukar akawu na biyu ne a ofishin rajista, domin ta farko ta iya tafiya ganin gida hankali kwance. Biyan malamin wucin gadi wani abu ne idan aka soke masa aji bayan ya shirya, kamar yadda ƙungiyoyin malamai suka samu a yarjejeniyar wasu kwalejojin Amurka. Fara aikin lebura da sassafe ne a lokacin zafi, da ajiye masa ruwa da inuwa. Kalifoniya ma ta kai ga kafa doka a 2024 da ta wajabta matakan kariya a cikin gini da zarar zafi ya kai kusan digiri 28. Barin mako biyu ne na gaske tsakanin ƙarshen duba jarrabawa da buɗe sabon zango, waɗanda ba taro, ba kira, ba saƙon dare.

A kwalejin al'umma ta Amurka, mako biyun ƙarshe na Agusta su ne mafi cunkoso a shekara. Juma'ar da aka rufe ta dawo, layi ya kai bakin ƙofa, wayoyi suna ta ƙara, kowa yana son a yi masa rajista kafin Litinin. Mutanen da za su tari wannan taro su ne waɗanda suka kwashe Yuni da Yuli suna kiran yara a waya da kankare daɓe, kuma da ƙarfin da ya rage musu za su tare shi.